Zazzaɓin da ya ƙi jin magani: ta yaya ƙwayar cuta ke cinye bawul ɗin zuciya?

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na Gombe, ko yake leƙa Facebook, ya saba cin karo da irin wannan roƙo: hoton saurayi ko budurwa a gadon asibiti, ƙafafu sun kumbura, an rubuta cewa likitoci sun gano ƙwayar cuta ta lalata bawul ɗin zuciya, ana neman taimakon al'ummar Annabi don a yi tiyata. A ƙarƙashin roƙon kuma tambayar da ake ta maimaitawa ɗaya ce. Yaron da aka san zazzaɓi ne ya kwantar da shi, yaya aka yi maganar ta koma ta zuciya? Wasu su ce taifot ne ya yi masa yawa, wasu su ce jifa ne, wasu ma su fara zargin damfara, domin a saninsu ciwon zuciya na dattawa ne masu hawan jini. Cutar gaskiya ce, likitoci na kiran ta endokaditis, kuma sau da yawa abin da ke yanke wa mai ita hukunci yana faruwa tun makonni kafin a kai shi babban asibiti.

Mene ne ainihin abin da ke lalacewa?

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, da bawul huɗu. Kowane bawul ƴan siraran fatu ne masu buɗewa jini ya wuce, su rufe don kada ya komo baya, kuma haka suke yi kusan sau 100,000 a kowace rana. Biyu na ɓangaren hagu, wato mitiral da ayotik, su suka fi shan matsin jini, su ne kuma cutar ta fi kamawa.

Ƙwayoyin bakteriya na shiga jinin kowa lokaci zuwa lokaci, ko da wajen tauna ko goge baki ne idan dasashi na zubar da jini. A lafiyayyen mutum garkuwar jiki kan share su cikin mintoci. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan fatar bawul ta riga ta sami tabo, jini kan ɗan daskare a wurin, ƙwayoyin su maƙale, su hayayyafa, su lulluɓe kansu da gudan jini har ya zama tsiro. Bawul ba shi da wadatattun jijiyoyin jini na kansa, saboda haka sojojin jiki ba sa isa wurin sosai, magani ma da ƙyar yake ratsa tsiron. Daga nan ɓarna iri uku ke biyowa. Ƙwayoyin su huda bawul ko su tsinka igiyoyinsa, jini ya riƙa komawa baya har zuciya ta gaza. Ko ƙurji ya taru a gindin bawul ya taɓa hanyar da ke tsara bugun zuciya. Ko kuma ɓarɓashin tsiron ya ɓalle, jini ya ɗauke shi zuwa ƙwaƙwalwa, saifa, ƙoda ko ƙafa. Shi ya sa matashi ɗan shekara 20 mai zazzaɓi zai iya wayar gari da shanyewar ɓarin jiki, dangi su rasa yadda za su haɗa abubuwan biyu.

A ƙasashen Turai da Amurka, inda ake ƙirga ta da kyau, cutar na kama mutum 3 zuwa 10 cikin kowane 100,000 a shekara, shi ya sa ake sa ta cikin cututtukan da ba a cika gani ba. Sai dai ko a can, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka kwantar da ita ba sa fita asibiti da rai. Lokacin da shahararren likita William Osler ya yi fitattun laccocinsa a kanta a Landan a 1885, kusan duk wanda ta kama mutuwa yake yi, kuma haka aka ci gaba har fenisilin ya zo a shekarun 1940.

Wa ta fi kamawa a wajenmu?

A Turai masu cutar yawanci tsofaffi ne, masu bawul ɗin roba, wato wanda aka dasa musu da tiyata, ko na'urar daidaita bugun zuciya. A nan labarin daban ne, kuma tushensa abu ne da muka raina: ciwon maƙogwaron yara.

Akwai wata bakteriya, istireftokokus ta rukunin A, mai sa yaro zazzaɓi da zafin haɗiya. Idan ba a yi maganinta yadda ya kamata ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jikin wasu yaran kan rikice ta afka wa gaɓoɓinsu da zuciyarsu. Yaro ya yi ta kukan gwiwa yau, gobe idon sawu, jibi gwiwar hannu. Ƴan shekara 5 zuwa 15 abin ya fi shafa. Ciwon gaɓoɓin yana wucewa, a ce an samu sauƙi, amma tabon da ya bari a bawul ba ya gogewa, kuma duk dawowar ciwon ƙara shi take yi. Mutane fiye da miliyan 40 ke ɗauke da wannan lalacewar bawul a duniya, mafi yawansu a ƙasashe matalauta, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri na musamman a kanta a 2018. Cunkoson ɗaki na taimaka wa ƙwayar yaɗuwa, don haka ɗakin da yara goma ke kwana, a gida ne ko a makarantar kwana ko tsangaya, wuri ne da ya kamata a sa wa ido.

Abin da ke ƙona mini rai a nan shi ne sauƙin rigakafin. Allurar fenisilin guda ɗaya mai daɗewa a jiki, ko kwana goma na shan amoksisilin, ya isa ya kare yaron. Amma a gidaje da yawa ciwon maƙogwaro na nufin a kira wanzami a cire belu. Cire belu ba ya kashe ƙwayar, kuma ciwon da aska ta bari a maƙogwaro wata sabuwar ƙofa ce ga bakteriya.

Bayan waɗannan akwai waɗanda aka haifa da nakasar zuciya, irin wadda ake cewa rami a zuciya, da waɗanda aka taɓa sauya wa bawul, da wanda ya taɓa yin cutar. Akwai masu wankin ƙoda da robar da ke zaune a jijiyar wuyansu, da majinyacin da robar ƙarin ruwa ta daɗe a hannunsa har wurin ya yi ja, da mai jego da cuta ta shiga mahaifarta bayan haihuwa ko ɓari. Sai masu yi wa kansu allurar maye a jijiya, waɗanda cutar kan kama bawul ɗinsu na dama ta watsa ƙuraje cikin huhu. A irin waɗannan hanyoyin na fata da allura, ƙwayar da aka fi samu ita ce istafilokokus, mai haddasa maruru. Ita ba ta ma buƙatar tabo, tana iya rusa lafiyayyen bawul cikin kwanaki.

Me ya sa ake ɗaukar ta taifot ko tarin fuka?

Domin kayan da take sanye da su na kowa ne. Kusan tara cikin goma na masu ita suna zazzaɓi, amma zazzaɓi ne mai zuwa ya tafi, da zufar dare, da kasala, da rashin cin abinci, da rama, da ƙarancin jini. A gari irin namu wa zai ji wannan bai ce zazzaɓin cizon sauro ba? In an sha maganinsa bai tafi ba, sai a je awon Widal na gano taifot, wanda likitoci sun daɗe da sanin cewa a inda taifot ya zama ruwan dare yakan nuna alama ko a jikin mai lafiya. Sai a rubuta maganin taifot. In rama ta yi yawa, hankali ya koma kan tarin fuka.

Akwai alamomin da suka fi nuna zuciya: haki idan an ɗan yi tafiya, kasa kwanciya sai an tara matasai, kumburin ƙafa, jini a fitsari, ƴan jajayen layuka ƙarƙashin farce, ƙananan ƙulluwa masu zafi a kan yatsu. Babbar alama kuwa sai likita ya ɗora abin sauraro a ƙirji zai ji ta, wata ƙara ce ta jinin da ke tsiyaya ta bawul ɗin da bai rufe ba. Minti biyu ne aikin. Duk zazzaɓin da ya haura mako biyu ana magani bai tafi ba ya cancanci waɗannan mintoci biyu, balle a jikin wanda aka taɓa ce masa zuciyarsa na da matsala.

Kafson da aka sha jiya, shi ke ɓoye cutar yau

Nan ne zuciyar maganar. Tun 1994 likitocin duniya ke amfani da ma'aunin da masana na Jami'ar Duke ta Amurka suka tsara, wanda aka gyara a 2000 da 2023. Ginshiƙansa biyu ne. Na farko hoton zuciya na eko, a ga tsiron ko ɓarnar da ido. Ana fara yin sa ta kan ƙirji, in bai nuna ba a zura na'urar ta maƙoshi, domin daga nan an fi ganin bawul. Na biyu shi ne shuka jini: a ɗebi jini sau uku daga jijiyoyi daban-daban, da tazarar kamar rabin sa'a, a zuba a kwalabe na musamman, a jira kwana biyu zuwa biyar ƙwayar ta tsiro, a san sunanta, a gwada wane magani ke kashe ta.

Idan majinyaci bai sha komai ba, kusan tara cikin goma jinin zai nuna ƙwayar. Amma wa ke isa asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, bai sha komai ba? Kafin a taso daga Dukku ko Nafada ko Ɓilliri an bi kemis biyu ko uku, an sha ampiklos na kwana uku, an yi allurar seftiriyazon sau biyu, jiki ya ɗan yi sanyi an bari. Wannan ɗan maganin ba zai taɓa kashe ƙwayar da ke cikin tsiro ba. Abin da yake yi shi ne ya share waɗanda ke yawo a jini na ɗan lokaci, zazzaɓi ya lafa, kwalba ta fito ba komai. Daga nan likita ya koma lalube, ya haɗa magunguna biyu ko uku masu tsada da illa, bai san ko ya dace ba.

Ba na ɗora laifin duka a kan mai kemis ko iyaye. Wanda asibiti ya yi masa nisa, kuɗin mota ya fi kuɗin kafso, abin da ke kusa zai kama. Ma'aikatan lafiya ma sukan ga mutum a galabaice su fara allura kafin su tuna da kwalba. Amma ƙa'idar ba ta canzawa: jini tukuna, sannan magani. Ko majinyacin da ke cikin mawuyacin hali, ɗibar jinin uku ba ta wuce sa'a ɗaya. Ga dangi kuma, taimako mafi girma shi ne ku zo da kwalaye da fankon duk abin da aka sha, ku faɗi ranar da aka sha na ƙarshe, ba tare da jin kunya ba.

Ƙwayoyin da ake cewa ba a cika gani ba

Wani lokaci kwalba kan fito ba komai alhali ba a sha magani ba, saboda akwai ƙwayoyin da ba sa tsirowa a irin wannan awon. Littattafan likitanci na jera su a matsayin baƙi, amma duk wanda ya dubi inda suke zama zai ga a ƙasar kiwo maƙwabta ne.

Ta farko ita ce kokziyela, mai haddasa zazzaɓin Q, wanda aka fara ganowa a tsakanin mahautan Brisbane ta Ostireliya a shekarun 1930. Tana zaune a jikin awaki, tumaki da shanu, ta fi yawa a mabiyiya da ruwan haihuwar dabba. Idan suka bushe a turke, ƙwayar kan daɗe a ƙura, mutum ya shaƙe ta. Yawancin mutane ɗan zazzaɓi suke yi ya wuce, amma mai tabon bawul tana iya zama a zuciyarsa watanni ko shekaru tana ci a hankali. Maganinta doksisaikilin ne haɗe da haidiroksikulorokwin, na wata 18 aƙalla, wata 24 ga mai bawul ɗin roba, tare da duba ido lokaci-lokaci.

Ta biyu burusela, wadda makiyaya suka sani a shanu da sunan bakkale, mai sa saniya ɓari da kumburin gwiwa. Tana shiga mutum ta ɗanyar madara, ko ta hannun wanda ya taimaki dabba haihuwa ko ya feɗe ta. Kaɗan ne daga masu ita take kai wa zuciya, amma waɗannan kaɗan ɗin su ne mafi yawan waɗanda take kashewa. Tana buƙatar magunguna biyu zuwa uku a haɗe na wata uku zuwa shida, sau da yawa har da tiyata. Wannan ba dalilin ƙyamar fura da nono ba ne, ko ɓata wa matan da ke tallansa sana'a. Tafasa madara kafin a kwantar da ita yana kashe ƙwayar, tsami kaɗai ne ba ya ba da tabbaci.

Akwai batonela, wadda wani nau'inta ƙwarƙwatar tufafi ke yaɗawa, wani kuma yakushin kyanwa. Akwai kuma rukunin ƙwayoyin baki biyar da ake taƙaita sunansu da HACEK, masu jinkirin tsirowa, waɗanda seftiriyazon na mako huɗu kan gama da su. Kokziyela da batonela ta awon garkuwar jini ake kama su, burusela ma awon garkuwa na taimakawa ƙwarai, kuma likita ba zai nemi awon ba sai an ba shi dalili. Saboda haka bafulatanin da ke kiwo, da mahaucin kwata, da dillalin kasuwar dabbobi, da uwar gidan da ke turke awaki a tsakar gida, su faɗi sana'arsu ko ba a tambaye su ba.

Me ya sa maganin ke ɗaukar mako huɗu zuwa shida?

Nan ma rigima kan tashi tsakanin dangi da ma'aikata. Bayan mako guda zazzaɓi ya tafi, majinyaci na cin tuwo yana hira, kuɗi sun ƙare, gona na jira, sai a nemi sallama. Amma ƙwayoyin da ke can cikin tsiro a kwance suke, ba sa hayayyafa da sauri, magani kuwa ya fi kama ƙwaya mai motsi. Dole a riƙe shi da ƙarfi a jini, ta jijiya, na mako huɗu zuwa shida, mai bawul ɗin roba kuma shida cif ko fiye. Wanda ya yanke a mako na biyu, cutar za ta dawo ta sami bawul da ya riga ya raunana.

Sunan ƙwaya ke zaɓar magani. Istireftokokus ta baki na jin fenisilin ko seftiriyazon. Istafilokokus na buƙatar kuloksasilin, in kuma mai taurin kai ce sai bankomaisin. Jentamaisin da ake ƙarawa a wasu lokuta na iya taɓa ƙoda da ji, don haka majinyacin da ya fara jin ƙara a kunne ko jiri ya faɗa nan take.

Ko za a iya ƙarasawa da na sha a gida? Wani bincike da aka yi a Denmak kan majinyata 400, mai suna POET, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa waɗanda jikinsu ya daidaita bayan aƙalla kwana 10 na allura, aka mayar da su kan magungunan sha biyu a haɗe, ba su fi waɗanda suka ci gaba da allura shiga matsala ba. Ga talaka wannan albishir ne, domin kwanan asibiti da masu jinya shi ke karya gida. Amma masu taka-tsantsan na da hujja: duk mutanen binciken an san sunan ƙwayarsu, an yi musu hoton maƙoshi kafin a canza, kuma ana ganin su a asibiti sau biyu ko uku a mako. Ra'ayina shi ne hanyar na da amfani a wajenmu, amma ga wanda jininsa ya nuna ƙwaya kuma yake zaune kusa da asibiti. Wanda kwalbarsa ta fito ba komai ya rasa wannan rangwamen ma.

Idan magana ta kai ga tiyata

A manyan cibiyoyin duniya kusan rabin masu cutar sai an yi musu aiki. Dalilan uku ne: zuciya ta fara gazawa, ko cutar ta ƙi lafawa ta yi ƙurji, ko tsiron ya haura milimita 10 ana tsoron ɓallewarsa. Magani na kashe ƙwaya, ba ya ɗinke bawul ɗin da ya yage. An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya a Enugu a 1974, amma har yau cibiyoyin da ke yin ta a kai a kai ƙalilan ne, kuɗin kuma miliyoyi ne, shi ya sa roƙon ke ambaton Abuja, Legas, Indiya ko Masar.

Bawul ɗin da ake sawa iri biyu ne. Na ƙarfe yana daɗewa, amma mai shi zai sha wafarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwa, da awon jini a kai a kai, kuma maganin na da haɗari ga ɗan tayi, abin da ya wajaba a tattauna da budurwa da iyayenta kafin aiki. Na fatar dabba ba ya buƙatar haka, amma yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma kafin nan. Ana yin sa da fatar zuciyar saniya ko bawul ɗin alade, don haka Musulmin da abin ya dama ya tambayi likita tun da wuri wane iri ne a hannu, ya kuma nemi fatawar malami a kan halin lalura.

Haƙori, allurar wata-wata, da kwalabe uku

Masana sun yi saɓani kan shan magani kafin cire haƙori. A 2008 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a daina ba da shi a matsayin al'ada, saboda ƙwayoyin da ke shiga jini kullum ta ruɓaɓɓen dasashi sun fi na rana ɗaya a kujerar likita. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Turai kuwa sun bar shi ga masu babban haɗari: mai bawul ɗin roba, wanda ya taɓa yin cutar, da wasu masu nakasar haihuwa. Su ana ba su giram 2 na amoksisilin minti 30 zuwa 60 kafin aiki. Inda duka suka haɗu shi ne tsabtar baki. Asuwaki da buroshi kullum, da gyara haƙorin da ya ruɓe a asibiti, ba wajen mai cirewa a kasuwa ba. Mai matsalar bawul ya kuma nisanci sakiya, ƙaho da tsaga.

Yaron da aka tabbatar ya yi ciwon gaɓoɓin da ya taɓa zuciya yana buƙatar allurar fenisilin duk mako uku zuwa huɗu, na shekaru, wani har ya kai 40. Allurar ba ta hana endokaditis kai tsaye, tana hana tabon ƙaruwa ne. Tana da zafi, yara na gudunta, kuma uwar da ta jure kai ɗanta duk wata ta cancanci a sauƙaƙa mata, a samar da allurar a asibitin unguwa, a sa ta cikin abin da inshorar lafiya ta jihar Gombe, GoHealth, da takwararta ta Bauchi ke biya.

Abin da zan roƙi masu tsara kasafin lafiya a jihohin Gombe da Bauchi shi ne: a ajiye kwalaben shuka jini a manyan asibitocin Kumo, Bajoga da Kaltungo, da na Misau, Ningi da Toro, a koya wa ma'aikatan ɗakin gaggawa ɗibar jinin kafin allurar farko, a kuma tsara motar da za ta kai kwalaben ɗakin gwaji a Gombe, Bauchi ko Azare a ranar da aka ɗiba.